Yadda Ake Zaɓen Harsashin Farautar Barewa da Dangoginta

A wani rani shekaru masu yawa da suka wuce, bayan an kwashe gero da dawa an kai rumbu, na bi kawuna cikin wani daji a ƙasar Yawuri, muka iske gawar mazo kwance cikin sarƙaƙiya a bakin wani rafi da ya fara ƙafewa. Cikinsa ya kumbura, ƙudaje sun rufe masa baki da ido, alamar ya kwana biyu a wurin. Kawu ya sa sanda ya juya shi, ya nuna mini wata 'yar huda a bayan kafaɗa wadda ba ta fi kaurin tsinken tsire ba, sannan ya nuna mini wata a ɗaya gefen, ita ma ba ta fi ta farko faɗi ba. Ya ce, "Ɗana, duba nan da kyau. Wanda ya yi harbin nan hannunsa bai karkace ba, harsashin da ya ɗura ne ba na dawa ba." Harsashin ya ratsa ya fice bai buɗe ba, jini bai zuba waje ba balle a bi sawu, dabbar ta yi gudu mai nisa ta mutu a wahalce, naman da zai ciyar da gida guda ya tashi a mushe.

Tun daga ranar nake ganin tambayar da ta kamata maharbi ya fara yi game da harsashi ita ce abin da zai yi bayan ya taɓa fata. Yawancin masu saye sukan tambayi wanda ya fi ƙarfi, ko ya fi gudu, ko ya fi araha, alhali aikin harsashin farauta a cikin jikin dabba yake faruwa. Ana so ya buɗe domin raunin ya yi faɗi, ya nutsa har ya kai huhu da zuciya ko da ya ci karo da ƙashi, kuma ya riƙe jikinsa kada ya tarwatse ya watsa dalma cikin naman da yara za su ci.

Barewar da Turawa suka fi rubutu a kanta, mai ƙaho mai rassa wanda take zubarwa duk shekara, ba ta cikin dazuzzukanmu. Namu su ne barewa da gada da batsiya da kwanta-rafi da mazo da mariya, sai babbansu gwanki. Amma ilimin harsashi bai damu da siffar ƙaho ba, nauyin jiki da kaurin ƙashi yake bi. Gada ba ta cika wuce kilo 25 ba, barewarmu mai jan goshi takan tsaya tsakanin kilo 20 da 35, namijin mazo yakan kai kilo 80, wato daidai da matsakaiciyar barewar Amurka mai farar wutsiya, shi kuwa gwanki yakan haura kilo 250. Saboda haka duk abin da aka gwada aka tabbatar a kan barewar Amurka ya shafi mazo da mariya kai tsaye, ya ɗan yi wa gada yawa, ya kuma yi wa gwanki kaɗan.

Kafin a kai ga buɗe kwalin harsashi akwai doka, kuma a halin da yankinmu yake ciki ba abin wasa ba ce. Dokar mallakar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da ire-irenta masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da ikon ba da lasisinsu. Bindigar farauta mai zane a cikin bututu, wadda ake kira raifal, da mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kashin da aka haramta wa jama'a in ba da izinin shugaban ƙasa ba, inda dokar ta ambaci raifal irin na soja masu girman baki milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. Wannan ya shafi zaɓenmu sosai, domin harsasan da maharban Amurka suka fi yabo, irin su .308 da .30-06 da .30-30, duka faɗin bututunsu milimita 7.62 ne, don haka mai son zaman lafiya da hukuma ya kawar da kai daga gare su. Harsashi shi ma sai da lasisi ake riƙe shi, kuma wurin dillali mai rajista kaɗai ake saye. Haka nan dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta hana taɓa wasu namun daji ɗungurungum, wasu kuma sai da izini, ba a kuma farauta ko kaɗan a gandun daji na ƙasa irin na Tafkin Kainji da ke maƙwabtaka da mu. Ofishin kula da gandun daji na jiha shi ne wurin tambayar abin da aka halatta a bana, kuma ya kamata hakimi da Sarkin Baka su san da fitar mutum kafin ya shiga daji da bindiga.

Abin da muke kira harsashi a dunƙule abu huɗu ne: kwanson tagulla, da 'yar hular da ke gindinsa wadda allurar bindiga ke bugawa, da albarushi, da ƙwayar da ke fita ta tafi. A gindin kowane kwanso an buga sunan girmansa, kuma an buga irin wannan suna a jikin bututun bindiga. Dole ne sunayen biyu su zama ɗaya harafi da harafi, domin akwai harsasan da za su shiga bindigar da ba tasu ba su kuma fashe ta a fuskar mai harbi. Duk kwanson da ya yi tsatsa kore, ko ya lotsa, ko aka sake ɗura shi a hannun wanda ba a sani ba, a bar shi ko da kyauta ne, araha ba ta ado. A ajiye harsashi a wuri mai sanyi marar laima, a kulle, nesa da yara, ba a cikin motar da ke yini a rana ba.

Daga nan sai a dubi kan ƙwayar, domin a nan bambancin yake. Wadda ta kashe mazon da muka tsinta ita ce mai cikakkiyar riga, wato dalma ce aka lulluɓe da jan ƙarfe har tsini, ba a bar mata wurin buɗewa ba. Ta soja ce, kuma dalilin yin ta haka ya haɗa da yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1899, wadda ta hana amfani da ƙwaya mai buɗewa a fagen yaƙi. A daji ba ta da amfani, tana huda kamar basilla ta wuce da ƙarfinta, ta tafi neman abin da ke bayan dabbar. Shi ya sa dokar farautar barewa ta Ingila ta 1991 ta wajabta ƙwaya mai taushin kai ko mai rami a kai, ta kuma ce ga manyan barewa kada girman baki ya gaza inci .240.

Akwai kuma kishiyarta, mai siririyar riga, wadda aka ƙera don ƙananan dabbobi masu ɓarna a gona irin su dila. Ita da zarar ta taɓa jiki sai ta fashe, in ta sami kafaɗar mazo ta yi rauni mai faɗin tafin hannu wanda bai wuce zurfin ɗan yatsa ba, dabbar ta tsere da karyayyar ƙafa. Ana gane ta da rashin nauyi da kuma hoton ƙaramar dabba a kwali. Haka ita ma ƙwayar gasar harbin takarda, duk da kyawun saitinta ba a ƙera ta don buɗewa a nama ba.

Wadda ta daɗe tana ciyar da gidajen maharba ita ce mai taushin kai, inda aka bar dalma a fili a tsini. In ta shiga jiki sai dalmar ta baje, rigar ta naɗe baya, kan ya yi faɗi kamar an buɗe lema, har ya kusan ninka kaurinsa na asali. Core-Lokt ta kamfanin Remington, wadda ta fito tun 1939, irin wannan ce, kuma har yau ana kashe barewa da ita ba adadi. Tana da sauƙin kuɗi, tana buɗewa ko da gudunta ya ragu, kuma a kan dabbar da ba ta wuce mazo ba aikinta yana kyau in an sa ta bayan kafaɗa. Aibinta shi ne takan zubar da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ko fiye a cikin nama, kuma in an yi harbin kusa ta daki ƙashi mai kauri, rigar takan rabu da dalmar kowa ya kama gabansa.

Wannan rabuwa ce ta sa wani maharbi Ba'amurke mai suna John Nosler ya shiga neman gyara, bayan da a 1946 a ƙasar Kanada ya harbi wata ƙatuwar dabba dangin barewa da taɓo ya bushe mata a kafaɗa, ƙwayoyinsa suka kasa nutsawa. A 1948 ya fara sayar da ƙwayar da ya kira Partition, mai katangar jan ƙarfe a tsakiya: dalmar gaba ta buɗe ta yi ɓarna, ta baya ta tsaya a ɗakinta ta ci gaba da tura ƙwayar ciki. Daga baya aka fito da dabarar like dalma da riga kamar yadda maƙeri ke yin walda, ta yadda ko ƙwayar ta baje ba sa rabuwa, kuma irin waɗannan sukan riƙe kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyinsu. Ga wanda ya sami izinin dabba mai girman gwanki, daga nan zaɓensa ya fara.

Ni dai a wurina wadda ta fi cancanta ita ce ta jan ƙarfe zalla, marar dalma ko kaɗan, irin wadda kamfanin Barnes ya fara fitarwa a 1989. An yi mata rami a kai, in ta shiga jiki sai ramin ya tsage gida huɗu ya buɗe kamar fure, kunnuwan su yi ta yanka tana juyawa, kuma sau da yawa ta fita ta ɗaya gefen da kusan dukkan nauyinta. Huda biyu na nufin jini a ƙasa, jini a ƙasa kuwa shi ne sawun da ake bi. Tana da tsada, samunta a nan ba shi da sauƙi, amma dalilin da ya sa na fifita ta ya wuce kyawun aiki.

Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan gubar dalma. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje, waɗanda suka rayu kuma da dama gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne dalmar da harsashi ke bari a nama ba ta kama ƙafar wadda ta kashe yaran Bagega ba, amma guba ɗaya ce, tana taruwa a jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'auninta da aka sani marar illa. Gwajin da hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka ta yi a 2008, inda aka ɗauki hoton ƙashi na gawarwakin dabbobin da aka harba, ya nuna ƙananan gutsattsarin dalma sun yi nisan da ya haura santimita 30 daga hanyar harsashin, yawancinsu ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Dafuwa ba ta kashe dalma, miya mai tsami ma ƙara narkar da ita take yi. Saboda irin wannan ne, tare da mutuwar tsuntsaye masu cin mushe, jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 2019, ƙasar Denmak kuma ta hana shi a raifal daga 2024. Maigidan da yake da mace mai ciki ko ƙananan yara a gida, in har zai iya samun ta jan ƙarfe, ban ga abin da zai sa ya ɗura wata ba. In bai samu ba, mai likakkiyar dalma ta fi mai taushin kai ta gargajiya ƙarancin watsuwa.

Nauyin ƙwaya da giren ake auna shi, kuma shi ne lambar da ke jikin kwali kusa da sunan girma. Giren 15 da 'yan kai ne ke yin giram ɗaya. A bindiga mai girman .243, wadda ta wadatar ga gada da barewa da mazo, ƙwayar dalma mai giren 90 zuwa 100 ita ce ta farauta, masu giren 55 zuwa 70 kuwa na ƙananan dabbobi ne. A .270, wadda ta fito tun 1925, giren 130 ya isa har mariya, 150 kuma ga abin da ya fi haka. Tsofaffin girma biyu na Turai, 6.5x55 na Siwidin da 7x57 na Jamus, suna aiki mai tsafta da giren 140, ba su da dukan kafaɗa mai tsanani, kuma saboda gudunsu matsakaici ne ba sa dagargaza nama. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayarsa takan fi tsawo in nauyin ɗaya ne, doguwar ƙwaya kuwa tana bukatar zanen cikin bututu ya murɗe da sauri kafin ta juya daidai kamar katantanwa ta tafi a miƙe. Abin da aka saba yi shi ne a sauko mataki guda: mai harba giren 100 na dalma a .243 ya ɗauki 80 ko 85 na jan ƙarfe, mai 130 a .270 zai iya tsayawa a 110 ko 130.

Gudu shi ke buɗe ƙwaya. Giren 100 na .243 yakan bar baki da gudun wajen mita 900 a sakan, giren 130 na .270 ya ɗan fi haka, kuma iska tana rage wannan gudu da kowane taku. Ta jan ƙarfe tana son ta isa jikin dabba da abin da bai gaza wajen mita 600 a sakan ba, in ba haka ba sai ta huda kamar ta soja. A dajinmu na kalgo da sabara da ƙirya, inda da wuya a hangi dabba a fili nesa da mita 150, wannan ba damuwa ba ce. Damuwarmu ta harbin kusa ce, inda gudu ya yi yawa har ƙwaya mai rauni ta tarwatse, wanda kuma ƙarin dalili ne na zaɓen mai ƙarfin jiki.

Ko an zaɓi mai kyau, sai an gwada akan san na ƙwarai, domin bindigogi biyu masu suna ɗaya ba lalle su so harsashi ɗaya ba. A sami wurin da aka yarda a yi harbi, mai tudun ƙasa a baya, a kafa takarda a nisan mita 100, a ɗora bindiga a kan buhun yashi, a yi harbi uku a natse ana barin bututu ya huce. In hudojin uku sun taru a wurin da bai fi tafin hannu ba, harsashin ya karɓi bindigar, sai a gyara saiti ya dawo tsakiya. In sun warwatse, ko aka ga huda mai tsawo maimakon zagayayya, ƙwayar tana tafiya a karkace, a sauya nauyi ko iri. Duk lokacin da aka sauya kwali zuwa wani nauyi ko wani kamfani sai an sake wannan gwaji, don wurin faɗuwar ƙwaya yakan matsa. Wanda yake son ganin aikin ƙwayarsa da idonsa ya jera jarkokin ruwa biyar ko shida a layi ya harba daga nesa, sannan ya nemo ta a jarkar da ta tsaya. Na taɓa riƙe guda biyu a tafin hannuna bayan irin wannan gwaji: ta jan ƙarfe ta buɗe kunnuwa huɗu masu kaifi tana ƙyalli, gindinta lafiya lau, mai taushin kai kuwa ta baje ta yi gajere, kuma da aka tace ruwan jarkar a ƙyalle sai ga baƙin gari kamar kwalli ya kwanta a kai. Wannan garin shi ne abin da ke shiga tukunya.

Wurin sa ƙwaya shi ne bayan kafaɗa kaɗan, a kashi ɗaya cikin uku na tsayin ƙirji in an auno daga ƙasa, lokacin da dabba ta ba da gefe tana tsaye. Ba a harbin mai gudu, ba a harbin ciki ko cinya, ba a harbin motsin ciyawa. Kuma tun da ƙwaya mai kyau takan fita ta ɗaya gefen, ta raifal kuma tana iya tafiyar sama da kilomita 3 in ba ta sami abin tsayar da ita ba, dole maharbi ya san abin da ke bayan dabbar kafin ya taɓa kunama, domin dajin da yake farauta a ciki shi ne dajin makiyaya da mata masu itace da yara masu ɗiban ɗinya.

Ta fuskar shari'a ma zaɓen ƙwaya yana da nasa matsayi. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halatta cin abin da makamin farauta ya huda da kaifinsa, ya hana abin da ya buge da gefensa ya kashe. A kan haka malaman mazhabar Malikiyya da suka zo daga baya suka yi fatawar halaccin abin da harsashi ya kashe, tun da yana hudawa ya zubar da jini, da sharaɗin a yi niyya a ambaci sunan Allah lokacin harbi. In an iske dabbar da sauran rai, wajibi ne a yanka ta nan take, don haka wuƙa mai kaifi ba ta rabuwa da ƙugun maharbi. Ƙwayar da ke kayar da dabba kusa ita ce ke ba shi damar isa gare ta a kan lokaci.

Na san yawancin maharbanmu daga Zuru har Bagudo ba raifal suke riƙewa ba, mai baki biyu ce ko bindigar toka. Ga mai baki biyu, harsashin tsuntsu mai ƙananan ƙwayoyi raunata gada da mazo kawai yake yi. Na dabba mai ƙafa huɗu shi ne mai dunƙulalliyar ƙwaya guda, kuma kada a wuce mita 50 zuwa 70 da shi. Ga mai bindigar toka kuwa, ɗura gutsuren rodi da ƙwallayen boris yana cin bututu yana jawo fashewa, narka dalmar tsohon batir a tsakar gida kuma shaƙar gubar da muka ambata ce kai tsaye, shi da iyalinsa.

In an yi harbi da ƙwaya mai dalma, a wurin fiɗa a yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashin da faɗi, har da wanda ya yi jajir ko jini ya kwanta a ciki, kada a ji tsoron asarar kilo ɗaya ko biyu. Kada a wanke ramin da ruwa ana zaton an tsabtace shi, ruwan yaɗa garin yake yi zuwa inda bai kai ba, kuma kada a haɗa naman wajen raunin cikin wanda za a daka a yi dambu. Abin da aka yanke, tare da huhu da kayan cikin da harsashin ya ratsa, ba a jefa wa karnukan farauta, ba a kuma bar wa ungulu a fili, domin dalma kaɗan ke kashe ta ga shi ta riga ta yi ƙaranci a garuruwanmu. A haƙa rami mai zurfin kamu biyu a binne su, a danne da dutse.